Wa Ke Biyan Ladan Aikin Uwargida?

Duk mutumin Arewa da ya zo neman abinci Ikko ko Badun ko Fatakwal, ya bar iyalinsa a gida, ya san abin da wanda bai taɓa fita ba bai sani ba, watau kuɗin tuwo. Safe da yamma sai ya sa hannu a aljihu wurin mai abinci, wanki sai ya biya, in ciwo ya kwantar da shi kuwa ba mai ɗaga masa kai. A gida duk yana samun waɗannan bai taɓa ƙirgawa ba.

To, wannan lissafi shi wasu mata suka tayar a ƙasashen Turawa. A 1972 suka taru a birnin Padua na Italiya, cikinsu har da Selma James da Mariarosa Dalla Costa da Silvia Federici, suka fara kiran a biya albashi kan aikin gida. Hujjarsu ita ce, mai masana'anta yana biyan lebura ladan yininsa kawai. Amma wa ya dafa abin da leburan ya ci har ya sami ƙarfin fita? Wa ke renon yaron da zai gaje shi a bakin inji? Wa ke jinyarsa in ya tsufa? Mace ce, ba ta karɓi ko kwabo ba. Ke nan ribar ɗan jari-hujja tana kan gumin da ba a biya ba.

Matan ƙasar Aislan sun gwada maganar a aikace. Ran 24 ga Oktoba, 1975, kusan kashi 90 cikin 100 nasu suka ƙi aiki, na ofis da na gida. Aka rufe makarantu da kantuna da dama, maza suka kwashi yara zuwa wurin aiki. A 1980 ƙasar ta zaɓi mace Shugabar Ƙasa.

Ba dukkan masu fafutuka suka yarda da batun albashin ba. Angela Davis ta Amurka ta ga cewa biyan kuɗi zai ƙara ɗaure mace a bakin murhu, gara hukuma ta ɗauke wani sashe na nauyin, kamar gidajen renon yara. Ita kuwa Federici ta koyar a Jami'ar Fatakwal a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da aka shiga tsuke bakin aljihun gwamnati. Abin da ta yi ta nunawa shi ne, in hukuma ta janye hannu daga asibiti da makaranta, jinya da reno kan mata suke komawa.

A 2018 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce fiye da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da iyali da ba a biya, mata ke yinsa.

Jama'a, mu dubi namu. Mai gadi a Ikoyi da ɗan dako a Mile 12 ba za su iya zama Kudu wata shida ba in babu wadda ta riƙe gida, tana ɗebo ruwa, tana surfe, tana kula da tsoho da tsohuwa. Saboda haka in ka tashi aika saƙo ƙarshen wata, bayan kuɗin cefane, ka ware nata na kanta. Lalle ta yi aikinsa.