Kafin a Ɗora Kyamara

A wata babbar makaranta ta ƙasar Hausa akwai wani sashe da ake koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo, kuma al'adar wannan sashe ce, idan zangon ƙarshe ya kama, a kasa ɗaliban ajin fita rukuni-rukuni, a ɗora wa kowane rukuni shirya gajeren fim wanda tsawonsa ba zai haura minti 10 ba, a ba su aron kyamara ɗaya da makirufo ɗaya na 'yan kwanaki ƙidayayyu, sauran ɗawainiya kuwa, tun daga kuɗin mota har abincin 'yan wasa da man janareto, su yi karo-karo daga aljihunsu. Wanda bai san sha'anin ba zai zaci ranar ɗauka ce ranar wahala, alhali kuwa duk wanda ya zauna da yaran nan ya san mafi tsananin abin da ke gabansu yana zuwa ne tun kyamara tana cikin akwatinta, watau sa'ad da za su yi ittifaƙi a kan irin fim ɗin da za su yi.

Majalisarsu tana bayan ɗakin ɗaukar shirye-shirye, a gindin wata darbejiya, inda akwai bencina biyu da suka ga jiya suka ga yau, da teburin mai shayi, da soket guda a jikin bango wanda wayoyi ke bin layi a kansa duk lokacin da aka kawo wuta. Nan ake haɗuwa bayan La'asar. Rukunin da na fi bin al'amarinsu samari ne da 'yan mata, wasu 'yan birni, wasu daga ƙauyuka masu nisa, kowannensu kuma ya zo da nasa fim ɗin a ka, wanda ya daɗe yana kallonsa a zuci tun bai san ana koyon wannan sana'a a aji ba.

Masu son a yi soyayya su ne suka fi yawa, hujjarsu kuma ba mai rauni ba ce. Suka ce abin da kasuwa ta sani ke nan, domin tun zamanin da gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos suka saba wa mutanenmu da fina-finan Indiya, har aka zo 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, har Sangaya ya zo a ƙarshen shekarun 1990 ya mai da waƙa da rawa tamkar farilla a fim ɗin Hausa, ba a taɓa rasa mai sayen labarin saurayi da budurwa da uban da ya ƙi ba. Wanda ya tare su kuwa shi ne ma'ajin rukunin, yaro mai riƙe da littafin karo-karo, wanda bai yi musun tarihin ba, sai dai ya buɗe littafinsa ya nuna musu cewa waƙa ɗaya tana cin minti 4 ko 5, rabin fim ɗin ke nan, ga kuɗin situdiyo, ga canjin kaya kala uku, ga hayar lambun da za a yi rausayar. Wata daga cikin 'yan matan ta ƙara da abin da mazan ba su tuna ba, cewa hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sha gindaya sharuɗɗa a kan rawa da cuɗanyar maza da mata, kuma ko da hukuma ba ta ga fim ɗin ɗalibai ba, waya za ta kai shi gidan iyayenta kafin a yi Magariba. Ni kuwa abin da na gani ya fi duk wannan nauyi shi ne, soyayya aba ce mai bukatar zamani kafin mai kallo ya gaskata ta, minti 10 kuma ba ya isa a haɗu, a saba, a rabu, a yi kuka, face a yi komai a gurguje ta yadda ba wanda zai ji zafin rabuwar.

Sai 'yan faɗa da bindiga, waɗanda suka tashi a kan fina-finan Amurka da na Sin. Maganarsu ba ta yi nisa ba, domin bindigar katako ba ta ɓoyuwa ga kyamarar zamani, kuma ba mai hankalin da zai fita titi da abin da ya yi kama da makami a irin halin da ƙasa take ciki. Na so a ce sun san cewa wani ya riga su wannan tunani ya kuma ci riba da shi: Mustafa Alhassan na Nijar, wanda a 1966 ya yi fim a kan wani saurayi da ya komo ƙauyensu da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari. Shi bai yi taƙlidi ga Amurkawa ba, bal ma ya mai da kwaikwayon kansa abin dubawa, wannan kuwa shi ne ijtihadi a sana'a.

An daɗe a kan fim ɗin ban tsoro, kuma ya cancanci a daɗe, saboda a zahiri shi ne mafi sauƙin kuɗi: ɗaki ɗaya, duhu, mutum biyu. Mai kare shi ya kawo labarin wani kango a unguwarsu da ake jin daka a cikinsa da tsakar dare, har wurin ya yi tsit ana saurarensa. Amma tsoro a fim ta kunne yake shiga kafin ido, su kuwa makirufonsu ɗaya ne, yana kwasar kukan janareto da hon ɗin 'yan adaidaita tare da numfashin jarumi. Sa'an nan ga mas'ala ta biyu, wadda ta fi ta farko zurfi, cewa masu kallon nan mutane ne da suka yi imani da samuwar aljanu bisa nassi, ba sa ɗaukar zancensu abin wasa, kuma daidai lokacin da suka gane cewa abin da ke cikin farin mayafin nan abokinsu ne na aji, to, zauren zai kece da dariya, duk wahalar ta tashi a banza.

Da aka ambaci dariya sai aka koma kan camama. Kowa yana ganin ita ce mai arha, tun da marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya cika kasuwa da fina-finan da ba a kashe musu kuɗi mai yawa ba, kafinsa kuma Samanja ya riƙe mutane a rediyo da talabijin shekara da shekaru, ga tashe da kowane yaro ya yi a watan Azumi. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, waɗannan mutane sun yi shekaru suna gwada maganarsu a gaban jama'a har suka san inda ake tsayawa a numfasa kafin a saki kalmar da za ta kayar da mutane, wannan sani kuwa ba a samunsa a zango ɗaya. Wasu kuma suka ce a huta da neman 'yan wasa, a je marinar Ƙofar Mata a ɗauki masu rini suna aikinsu, wasu suka ce a yi faɗakarwa kan shaye-shaye, a rufe da malami yana nasiha. Wannan na ƙarshe gado ne tun na majigi, lokacin da motar gwamnati ke zuwa ƙofar fada da dare a haska Baban Larai don a koya wa manoma gyaran noma, kuma ban raina shi ba. Sai dai na ga irinsa da yawa a wannan sashe, na kuma lura cewa ɗalibi yakan fake da shi ne idan bai sami abin da ya dame shi da gaske ba, ya san ba malamin da zai kayar da mai hani ga mummuna.

Ana cikin wannan hali, mako ya shige ba a tsai da komai ba, sai malamin da ke duba aikinsu ya kira su ofis. Dattijo ne mai ƙarancin magana, ya yi aikin talabijin kafin ya komo koyarwa. Bai tambaye su abin da suka zaɓa ba. Ya juyo musu da kwamfutarsa ya kunna Borom Sarret, wanda Usman Sembene na Sanagal ya yi a 1963, fim da bai wuce kimanin minti 20 ba, labarin yini guda na wani mai amalanken doki a Dakar, wanda ya ɗauki fasinja zuwa unguwar manya inda aka hana irinsa shiga, ɗan sanda ya ƙwace amalanken, ya koma gida hannu rabbana. Da ya ƙare, ma'aji ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan wane iri ne a cikin ire-iren da aka koya mana?" Malam ya ce, "Ku fara gaya mini abin da kuke da shi." Ya miƙa musu takarda ya sa suka rubuta wuraren da za a bar su su yi ɗauka ba da kuɗi ba, da mutanen da za su zo musu ko ba a biya su ba, da abin da kowannensu ya gani da idonsa wanda har yau bai bar zuciyarsa ba. Ya tuna musu ƙa'idar da suka karanta suka manta, cewa shafi ɗaya na rubutun fim kimanin minti ɗaya ne a allo, saboda haka shafi 10 ne duk dukiyarsu, daidai ruwa daidai tsaki.

A cikinsu akwai wata yarinya da ba ta cika magana a majalisa ba, ita ce ta ce yayanta tela ne, kuma tun tana ƙarama ita ke kai masa abincin buɗa-baki shago a goman ƙarshe na Azumi. Ta ba da labarin daren Salla a shagon: yadudduka jibge har rufi, kowanne da sunan mai shi an rubuta da alli a gefe, an ɗauke wuta, an koma keke mai ƙafa, yaron shago yana riƙe da fitilar waya a saitin allura har hannunsa ya sage, guga ta gawayi tana huci a bakin ƙofa, masu kaya suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, wani da zagi, wani da magiya, tela yana cewa kowa, "Saura aljihu, Alhaji, in sha Allahu kafin Asuba." Ta ce akwai wani magidanci da ba ya zagi ba ya magiya, sai ya zo da ɗansa ya zauna a benci, yaron ya yi barci a cinyarsa, shi kuwa idonsa na kan yadin da ko yankawa ba a yi ba. Tana gamawa ba wanda ya sake ambaton kango ko lambu.

To, a nan ne gardamar nau'i ta komo, amma ta komo da amfani, domin yanzu akwai abin da ake gardama a kansa. Mai son camama ya ga tela yana ɓuya a ƙarƙashin tebur, yaronsa yana rantsuwa cewa maigida ya tafi masallaci, ga ƙafarsa ana gani. Mai son ban tsoro ya ga agogo da ƙarar keke da kiran Asuba da ke matsowa, ya ce ai wannan ma fargaba ce, ba sai da aljani ba, kuma gaskiyarsa. Mai labarin kuwa ta ce ita ba ta yarda a mai da yayanta abin dariya ba, domin ta san bai ƙi cika alkawari don mugunta ba, talauci ne ke sa tela karɓar aikin da ya fi ƙarfinsa, tun da abin da ya samu a waɗannan kwanaki shi zai riƙe gidansa wata da watanni. Shago ɗaya ne, dare ɗaya, mutanen su ne dai, amma inda aka aza kyamara da wanda aka daɗe a kan fuskarsa da inda aka yanke labarin, su za su hukunta ko mai kallo zai yi dariya ko zai yi tagumi. Abin da malaminsu ya so su gane ke nan tun farko, ina kuma tare da shi a kai: nau'in fim alkawari ne da ake ɗaukar wa mai kallo a mintin farko, ana gaya masa irin zaman da zai yi, kuma ba ya halatta a ɗauki alkawari kafin a san abin da ke hannu.

Sun yi kwanaki suna kai da komo kafin su daidaita. Abin da suka tsaya a kai shi ne a buɗe da raha, a bar masu zagi da masu magiya su ba da dariyarsu a minti 4 na farko, sa'an nan raha ta riƙa ja da baya sannu a hankali yayin da shagon ke yin fili, har ya rage daga tela sai magidancin nan da ɗansa. Aka jefar da ɓuya a ƙarƙashin tebur, ko da yake mai ita ya ji zafi, saboda in an yi ta ba wanda zai ƙara tausaya wa telan. Aka hana waƙa, aka ce ƙarar keken ta isa kiɗa. Aka kuma yi muhawara mai tsawo a kan ko za a nuna yaron sanye da rigar a filin Idi, daga bisani ma'aji ya kashe maganar da cewa ba su da kuɗin tara jama'ar da za ta yi kama da Idi, don haka fim ɗin zai ƙare a cikin shago.

Yayan yarinyar ya yarda ya ba da shagonsa dare biyu bayan ya tashi aiki, bisa sharaɗin kada a taɓa kayan mutane, kuma shi zai zauna a kan keke idan an zo ɗaukar hannu da ƙafa, domin ya ce ɗan wasansu ko zare bai iya sakawa ba. Aka wakilta mutum biyu su je su gai da mai unguwa su nemi izini, aka sa wani ya aro fitilun caji guda uku don kada a kunna janareto ya ɓata sauti, mai labarin kuma aka ba ta zuwa Asabar ta kawo shafi 10.