Matsalolin Tura Fayil ta Katangar Tsaro: Yadda Ake Gano Inda Layi Ya Toshe

1.0 Gabatarwa

Manazarcin da ya taskace sautin hira ko hotunan rubuce-rubucen hannu a kwamfuta yakan buƙaci aika su zuwa wata ma'ajiya mai nisa, ko ya ɗauko su daga can. Ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin yin haka ita ce ƙa'idar tura fayil da aka fi sani da FTP. Abhay Bhushan ne ya fara tsara ta a shekarar 1971, sannan Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da sigar da ta zama ma'auni a 1985. Abin da ke ɗaure wa masu amfani da ita kai shi ne, sau da yawa akan karɓi suna da kalmar sirri lafiya lau, amma jerin fayiloli ya ƙi fitowa, ko kuma aiki ya tsinke a tsakiya. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa gurbin da zance ya tsaya tsakanin kwamfutocin biyu shi ke bayyana inda matsalar take.

A nan "uwar garke" na nufin kwamfutar da fayilolin ke ajiye a cikinta, "mai buƙata" kuwa ita ce kwamfutar da ke neman su. "Ƙofa" lamba ce da ke bambance wani aiki daga wani a kwamfuta ɗaya. "Katangar tsaro" kuma na'ura ce ko manhaja da ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita.

2.0 Tushen Matsalar

FTP tana aiki ne da layi biyu. Na farko shi ne layin umarni, wanda mai buƙata ke buɗewa zuwa ƙofa ta 21 a uwar garke. Ta nan ake gaisuwa da ba da suna da umarni. Na biyu shi ne layin kaya, wanda ake buɗewa sabo ga kowane fayil, har ma da jerin sunayen fayiloli. An tsara ƙa'idar ne tun kafin katangun tsaro su yaɗu, su kuwa al'adarsu ita ce barin na ciki ya kira waje, da hana baƙo ya kira ciki. Saboda haka tambayar da komai ya rataya a kanta ita ce: wane ne zai buɗe layi na biyu?

2.1 Salon Kira

A wannan salo, mai buƙata ce ke sanar da adireshinta da ƙofar da ta tanada, uwar garke kuma ta kira ta daga ƙofa ta 20. Ga misali:

(1) PORT 192,168,1,5,195,80

Lambobi huɗun farko su ne adireshi. Biyun ƙarshe kuwa, akan ninka ta farko da 256 a ƙara ta biyu, wato ƙofa ta 50000. Matsala biyu ce ke nan a fili. Ta farko, katangar mai buƙata za ta ɗauki kiran a matsayin na baƙo ta toshe shi. Ta biyu, adireshin da ya fara da 192.168 ko 10 na cikin gida ne, ba a isa gare shi daga intanet.

2.2 Salon Jira

A nan mai buƙata kan aika umarnin PASV, uwar garke ta amsa da lamba 227 tare da adireshi da ƙofar da take jira a kai, mai buƙata kuma ta kira. Steven Bellovin ya ba da shawarar fifita wannan salo a 1994, domin duka layukan daga ciki suke fita. Sai dai nauyin ya koma kan katangar uwar garke, wadda tilas ta bar waɗannan ƙofofi a buɗe. A 1998 aka ƙara umarnin EPSV, wanda amsarsa 229 ke ba da lambar ƙofa kaɗai ba tare da adireshi ba.

3.0 Matakan Gano Matsala

Kowace amsa ta uwar garke tana farawa da lamba mai alƙaluma uku, kuma yawancin manhajojin FTP suna nuna wannan zance a wata taga. Ya kamata a karanta shi daga sama, a tsaya a amsa ta ƙarshe.

(a) Idan ba a ga 220 ba, wato gaisuwar farko, layin umarni ne bai buɗu ba. Sai a duba adireshi da ƙofa ta 21.

(b) Idan aka ga 530, saƙo ya isa, suna ko kalmar sirri ko izinin shiga ne aka ƙi. Ba laifin katanga ba ne.

(c) Idan aka ga 230, alamar an shiga, sannan 425 ta biyo bayan PORT, uwar garke ce ta kasa kiran mai buƙata. Sai a koma salon jira.

(d) Idan aka ga 227 sannan aka ji shiru, sai a karanta adireshin da ke cikinta. In na cikin gida ne, uwar garke ba ta san adireshinta na waje ba. In daidai yake, ƙofar ce ke rufe.

(e) Idan ƙananan fayiloli na wucewa, amma babban fayil ya kai ƙarshe ba a ga 226 ba, wato shaidar kammalawa, galibi katanga ce ta yanke layin umarni saboda ya daɗe shiru yayin da kaya ke tafiya. Wannan ya fi haɗari, domin ba a da tabbacin fayil ya isa cif. Wajibi ne a gwada girmansa a ɓangarorin biyu kafin a share na asali.

4.0 Hanyoyin Magancewa

Gyaran (d) yana hannun mai kula da uwar garke: ya keɓe ƙofofin jira, misali daga 50000 zuwa 50100, ya buɗe su a katanga, ya kuma rubuta adireshin waje a saitin manhajar. Gyaran (e) shi ne tsawaita wa'adin shiru a katanga.

Wasu katangu suna karanta layin umarni, su buɗe ƙofar da aka ambata na ɗan lokaci. Amma idan aka lulluɓe zancen da sirri, kamar yadda tsarin FTPS na 2005 ya tanada, katanga ba ta iya karanta shi. Wannan ne ya sa aikin da ke tafiya jiya kan tsaya yau da zarar an ƙara tsaro. Cire sirrin ba magani ba ne, domin FTP zalla tana tura kalmar sirri a fili. Keɓe ƙofofi ne mafita, ko kuma a koma SFTP, wadda ke ɗaukar umarni da kaya a layi ɗaya ta ƙofa ta 22.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa yawancin matsalolin sun samo asali ne daga layi na biyu da kuma wanda zai buɗe shi. Chrome da Firefox sun daina aiki da FTP a 2021, amma har yanzu akwai ma'ajiyoyin da ke amfani da ita. Don haka manazarcin da ya kai ƙorafi wurin ma'aikacin kwamfuta, ya tafi da abu uku: salon da ya yi amfani da shi, umarnin ƙarshe da aka aika, da lambar amsa ta ƙarshe.