Gargaɗi ga Iyayen Fagge da Sabon Gari: Mashaƙo na Komawa Zuciya

Iyaye maza da mata na Fagge da Sabon Gari, don Allah ku ba ni kunnuwanku. Yaron da ya yi mashaƙo, ko da wuyansa ya saɓe ya fara haɗiyar kunu, bai fita daga haɗari ba tukuna. Akwai sauran makonnin da za a sa masa ido sosai, domin cutar tana komawa kan zuciya.

Tun daga ƙarshen 2022 da mashaƙo ya ɓarke a Nijeriya, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yara 'yan ƙasa da shekara 15 da ba a yi musu rigakafi ba. Unguwanninmu kuwa cunkushe suke. Gidan haya ɗaya, ɗakuna a jere, yara na kwana kai da kai, ga makarantar allo, ga kasuwa. Tari ɗaya ko atishawa ya isa ya yaɗa cutar.

Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaro, inda take shimfiɗa wata fata mai launin toka da ke zubar da jini idan aka kankare ta. Daga nan take sakin dafi cikin jini. Dafin ya isa naman zuciya ya kumbura shi, ya rage masa ƙarfi, ya rikita bugunsa. Wannan yakan bayyana mako ɗaya zuwa biyu bayan fara ciwon, daidai lokacin da 'yan gida ke cewa "Alhamdu lillahi, jiki ya yi sauƙi." Likitoci sun ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 25 cikin 100 na masu mashaƙon maƙogwaro na samun wannan kumburin, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe su.

Uwa, ke ce kika fi kowa kusa da shi. Ɗora tafin hannunki a ƙirjinsa. In kin ji zuciyar na gudu alhali yana kwance babu zazzaɓi, ko tana tafiyar hawainiya, ko tana tsallake bugu, kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa. Haka in ya yi fari fat, ya yi laƙwas, yana amai, yana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ƙafafu ko fuska sun kumbura, ko ya suma. A goye ko a mota za a kai shi, kada a bar shi ya taka da ƙafarsa.

Asibitin Zana yana nan kusa da mu. Akwai Asibitin Murtala a cikin gari, akwai na Malam Aminu Kano a titin Zariya. A can ne za a yi gwajin bugun zuciya. Tun ranar farko da aka ga ciwon wuya da kumburi ya kamata a je, domin allurar karya dafin tana kama wanda ke yawo a jini ne kawai. Wanda ya riga ya shige naman zuciya ya fi ƙarfinta. Kwana biyun da za a ɓata ana sayen ƙwayoyi a kemis, a nan ake yin asara. Batun kai yaro wajen wanzami a cire masa beli kuwa, ina roƙonku da girman Allah ku bari. Jini zai zuba, hanyar numfashi na iya toshewa, dafin kuma yana nan yana aikinsa.

Manya ma ba su tsira daga ciwon zuciya ba, ko da ba mashaƙo ne ya jawo shi ba. Zuciya tana cikin wata 'yar jaka mai laushi, ita ma tana kumbura har ta tara ruwa ta matse zuciyar. A nahiyarmu tarin fuka ne kan gaba wajen jawo haka. Alamarsa suka ce a ƙirji da ke tsananta in an kwanta rigingine ko an ja dogon numfashi, ta lafa in an zauna an sunkuya gaba. In ta haɗu da rama da gumin dare, a je a yi gwajin tarin fuka, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ɗan dako a Kasuwar Sabon Gari ko matashi ɗan ƙwallo da ya tashi daga mura mai zafi, sai ga ciwon ƙirji da haki, ya ajiye kaya ya ga likita. In an tabbatar naman zuciya ya kumbura, hutun wata 3 zuwa 6 ake ba shi daga aikin ƙarfi.

Yau ɗin nan a ɗauko katin rigakafin kowane yaro a duba. Allurar Penta sau uku ake yi, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, kuma ba a biyan ko kwabo. Wanda ya wuce lokaci a kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a tambayi wadda ta dace da shekarunsa. Gidan da aka samu mai mashaƙo kuwa, duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi ko suka ci a kwano ɗaya ya je a duba shi, a ba shi magani da allura, ko da yana jin garau.