Sabon Kamshaf a Tsohon Inji

Hutun ƙarshen shekara da ya wuce na yi shi ne a garejin kawuna da ke bakin titin Gwarzo, a garinmu Rimin Gado, ina wanke ƙarafa ina miƙa sifana. A can na ga abin da ya sami a-kori-kurar gidanmu. Shi nake so in bayyana muku, domin malamin kimiyya ya sha zana mana inji a allo, amma ban gane shi sosai ba sai da na ga cikinsa da idona.

Motar Peugeot 504 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, kuma aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antar a 1975. Tamu ta girme ni, ta girmi yayana da ke tuƙa ta. Da ita yake kai gero da dawa da gyaɗa kasuwar Dawanau, kuma daga abin da ta samo ake sayen taki, ake yi mini sayayyar komawa makaranta. Tsufa ya kama ta. Ƙananan motoci suna wuce Yaya tun daga Janguza har Kabuga, abin yana yi masa ciwo. Sai wani abokinsa ya sayar masa da kamshaf, ya ce irin na motocin tsere ne, ya kuma tuna masa cewa 504 ce ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975. Wannan gaskiya ne, amma waccan ba buhuna ta ɗauka ba.

To, mene ne kamshaf? Inji yana numfashi kamar mutum. A kowace silinda fistin yana tafiya huɗu: ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Ƙofofin da iska ke shiga, hayaƙi ke fita, su ake kira bawul. Mai buɗe su kuwa shi ne kamshaf, wato wani sandan ƙarfe mai ƙusumbi-ƙusumbi, kowane ƙusumbi da siffar ƙwai. In ya juyo, sai ya tura wani ɗan ƙarfe da ake kira tafet, tafet ya tura sanda, bawul ya buɗe. In ya wuce, sifirin ya mayar da bawul ya rufe. Sarƙa ce ta haɗa shi da karanshaf, kuma duk juyi biyu na karanshaf shi juyi ɗaya yake yi.

Bambancin na tsere shi ne ƙusumbinsa ya fi tudu, ya fi faɗi. Saboda haka bawul yana buɗewa da yawa, yana kuma daɗewa a buɗe, har akwai lokacin da na shiga da na fita duk suke buɗe tare fiye da yadda aka saba. In inji yana gudu ƙwarai, wannan alheri ne, domin iska tana shigowa da ƙarfi, silinda ta cika fal. Amma in yana juyawa a hankali, sai fistin ya koro wani sashe na abin da ya zuƙa ta ƙofar da ba ta rufe ba tukuna, wani kuma ya bi salansa bai ƙone ba. Ke nan kamshaf ɗin tsere yana ɗebe ƙarfi daga ƙasa ya kai shi sama. Motar da za ta tashi daga gona da buhu goma sha biyu a bayanta, a giya ɗaya, ƙarfin ƙasa take bukata.

Da Yaya ya kawo ƙarfen nan yana murna, Kawu bai ko karɓa ba. Ya ce, "Bari mu tambayi injin tukuna." Ya kwance fulogi huɗun, ya ɗaura wani agogo mai auna matsi a kowane rami, ni kuma ina murza makulli. Silinda uku sun yi kusa da juna, ta huɗu ta gaza ƙwarai. Sai ya zuba cokali guda na baƙin mai a ramin, muka sake aunawa, allurar ta ɗaga. Ya ce mini man ya toshe giɓin da ke tsakanin fistin da bango na ɗan lokaci, wato ringi ne suka cinye. Da bawul ne ke yoyo, da allurar ba ta motsa ba. Wannan dabara ta burge ni fiye da kome a hutun nan.

Daga nan ya juya ga Yaya ya ce, "Ɗana, tsoho mai tari ka sayo wa takalmin gudu." Ya lissafa masa abin da zai biyo baya. Sifirin da ya yi shekaru yana aiki ya saki, ba zai iya mayar da bawul da sauri ba in gudu ya yi yawa, har fistin yana iya tarar da bawul a buɗe ya lanƙwasa shi. Sarƙar ta miƙe, don haka lokacin buɗewa da rufewa ba zai zo daidai ba. Ga kuma maganar tafet, wadda ita ce babba. Tafet da ƙusumbinsa tare suke gogar juna har su saba, kamar turmi da taɓarya. In aka ɗora tsohon tafet a kan sabon ƙusumbi, sai ya kankare shi, garin ƙarfen ya bi baƙin mai ya zaga inji duka. Har birki ma abin yana taɓa shi, domin na'urar da ke sauƙaƙa taka birki da zuƙar inji take aiki, kamshaf ɗin tsere kuwa yana rage zuƙar nan in mota tana silo.

Yaya ya ce, "To, Kawu, na ji." Ashe bai ji ba. Ran da Kawu ya tafi biki Gwarzo, ya kai motar wani wuri aka ɗaura masa, da tsofaffin tafet ɗin da kome. Ko ƙa'idar tayar da sabon kamshaf ba a bi ba, wato a shafe ƙusumbin da mai, a riƙe injin da ɗan gudu kamar minti 20 ba tare da an bar shi a silo ba, sa'an nan a canza baƙin mai ba da daɗewa ba.

Ba zan ɓoye ba, ƙarar motar ta yi daɗi, har ni ma na ji alfahari da na zauna a gaba. In babu kaya, a miƙaƙƙen titi, tana ɗan taɓa gudu. Amma a tsaye sai ta riƙa kakkarwa tana mutuwa, da kaya kuwa sai an ƙona kuloci kafin ta motsa. Shuɗin hayaƙi ya ƙaru. Man da take sha ya ƙaru, ga shi tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kowace lita da lissafinta. Kwana goma sha shida ta yi, ta soma ƙwanƙwasa a hanyar dawowa daga Dawanau, aka jawo ta da igiya.

Da aka sauke injin, ni na wanke kamshaf ɗin. Ƙusumbi biyu sun lafe, baƙin man kuma yana ƙyalli da garin ƙarfe. Sa'ar da muka yi ita ce silindar 504 kwasfa ce da ake zarewa a sa wata. Kawu ya tafi Ƙofar Ruwa ya sayo kwasfa da fistin da ringi, da sarƙa, da sifirin, da kamshaf irin nata na asali tare da sababbin tafet, aka kuma goge bawul. Kuɗin tumaki biyu na Inna ne suka tafi, ni kuma na dawo makaranta da tsohon takalmina.

Yanzu motar tana tashi da buhunanta ba gardama, ƙananan motoci kuma suna nan suna wuce Yaya a Janguza. Shi kuwa kamshaf ɗin tsere yana garejin Kawu, da shi ake tokare ƙofa in iska ta taso.