Daga filatin zuwa CDI: yadda wutar tsofaffin babura ke sauyawa a Damargu

Duk wanda ya koyi gyaran babur a Tanut shekara talatin da suka wuce, bayan sifana da sukundireba, kayan aikin da maigidansa ya fara danƙa masa su ne guntun kwalin ashana, da takardar sigari mai shara-shara, da ɗan magagari. Da su ake saita filatin, wanda makanikan Najeriya ke kira kwantak. A cire murfin maganeto, a zura takardar tsakanin bakunan ƙarfen nan biyu, a juya maganeton da hannu a hankali ana ɗan jan takardar. Idan ta suɓuce daidai lokacin da alamar F ta zo kan tsagar jikin inji, wuta ta zauna. Shi kuwa kwalin ashana, da shi ake auna gibin bakunan, wanda a yawancin ƙananan babura littafin kamfani ya ajiye shi tsakanin milimita 0.3 da 0.4. Yau akwai yaran gareji da suka shekara uku suna wankin kafireto ba su taɓa ganin an yi wannan aiki ba.

Tsofaffin baburan ba su ƙare ba. Ana ganin Yamaha DT irin waɗanda ma'aikatan gona da na kiwo suka riƙa shiga karkara da su, ana ganin Honda CG 125 na farko-farko, da Suzuki, da ƴan Mobylette a hannun dattawa. Abin da ke ƙarewa shi ne filatin ɗin da ke cikinsu. Ɗaya bayan ɗaya ana kwance shi, ana ɗaura ɗan baƙin akwatin nan da bai fi kwalin sigari ba, wanda kowa ke kira CDI.

Aikin duka biyun ɗaya ne: su sa buji, wato fulogi, ya yi tartsatsi a daidai lokacin da fistin ya kusa ƙurewa sama. Filatin tsohuwar dabara ce, irin wadda Charles Kettering ya yaɗa a motocin Amurka wajen 1910. Wani ɗan tudu a jikin ƙarfen da ke juyawa yana ture ƙafar filatin, bakunan su rabu, wuta ta yanke, bobin ya harba. Inji na gudu, wannan buɗewa da rufewa na faruwa sau dubbai a minti guda. A CDI kuwa babu abin da ke gogar wani. Maganeto na cika wani kwandansa da wuta ta ɗaruruwan bolt, wani ɗan bobin na gefe ya ji wucewar alamar da ke jikin maganeton, ya ba da izini, a juye wutar gaba ɗaya. Kawasaki ya sa irin wannan a babur ɗinsa H1 tun 1969, kuma a shekarun 1980 yawancin kamfanonin Japan suka bi.

Dalili na farko da ya sa filatin ke shan wuya a Damargu shi ne ƙasar kanta. In ka sauka daga kwaltar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Bakin Birji da Tanut zuwa Agadas, sai rairayi: hanyar Gangara, ƙauyukan Olelewa, rugagen Tenhiya, kwarin Tarka wajen Balbeji. Ana ɗan shafa man giris a kan tudun da ke ture filatin don kada ƙafarsa ta cinye. To, ƙurar hunturu ta sami kafa ta shiga murfin, ta cakuɗe da giris ɗin, sai ya koma tamkar dutsen wasa wuƙa. Ƙafar ta side, gibin ya ragu, wuta ta riƙa zuwa a makare. Mai babur ba ya ganin wannan, yana dai jin abin hawansa ya yi nauyi a rairayi, yana shan mai, da asuba kuma sai ya buga kik ya yi gumi kafin ya tashi. Da damina, ruwa kaɗan ya shiga murfin, an tsaya ke nan har ya bushe.

Amma ƙura ba yau ta fara ba, kuma makanikan da sun zauna da ita shekara da shekaru. A ganina kasuwa ce ta yanke hukuncin. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, kayan gyara na Japan da na Faransa suka yi tsadar da talaka ya haƙura da su, aka koma ga na kwaikwayo. Filatin na kwaikwayo kuwa bakinsa ba ya jure tartsatsi, ya ƙone ya yi rami cikin ɗan lokaci, kwandansan da ke kare shi ma haka. Daga nan, a shekarun 2000, baburan China suka cika ƙasa, irin su Kasea da Jincheng da Haojue, sannan Bajaj na Indiya, kuma dukkansu da wutar lantarki ta zamani suke zuwa. Ɗan kasuwa ba ya ajiye abin da mutum ɗaya cikin masu yawa zai nema. Ya cika shago da CDI da bobin da maganeto na sababbin babura, filatin ya koma sai an yi sautu daga Damagaram ko Kano.

Akwai kuma wata sa'a da ta sauƙaƙa lamarin. Honda ya ƙera CG 125 a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da canjin mai da sabis ba, kuma injinan China da yawa kwafinsa ne kusan kusa da kusa. Saboda haka faifan bobin da maganeton babur ɗin da ya yi haɗari bara na iya zama a kan injin da ya girme shi da shekara ashirin, da ɗan gyara kaɗan. Juyin ya yi araha ne saboda gawar sabo na raya tsoho.

Shi ma mai ya taka rawa. Matatar SORAZ tana nan kusa da Bakin Birji tun Nuwamban 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana, amma mai babur na ƙauye a kwalba yake sayen mansa a bakin hanya, sau da yawa ruwa-ruwa, wato wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, wani lokaci da datti ko gauraye. Irin wannan mai na sa buji ya yi baƙi. Tartsatsin CDI gajere ne mai kaifi, yana iya tsallake bujin da ya yi ɗan datti, inda na filatin zai zurare ta jikin baƙin. Da Najeriya ta janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, kwalba ta yi tsada, babur mai makararriyar wuta ya zama rami a aljihu.

Ribar juyin ba ta da gardama. Babur na tashi da bugu ɗaya ko biyu, saiti ba ya gocewa, zuwa gareji ya ragu. Ga ɗan kabu-kabu, ko mai kai kaya kasuwannin mako, ko wanda zai ɗauki mai naƙuda da dare zuwa asibiti, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In aka ɗauki irin CDI ɗin da ke cin wuta kai tsaye daga maganeto, ko batir ba a buƙata, kuma batir a zafin watan Afrilu ba ya daɗewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ɗaurin. Wayoyi biyar ne a akwatin da aka fi sani, kuma a tsarin launin Honda da masu kwafi suka bi, baƙi da ja na kawo wuta daga maganeto, shuɗi mai ratsi na kawo izini, kore na zuwa jikin ƙarfe, baƙi da rawaya na tafiya bobin, baƙi da fari na makulli. Yaro ma zai haddace wannan cikin yini. Abin da ba ya haddatuwa shi ne zaman maganeton a kan sandarsa. In ramin ɗan makullin da ke riƙe shi bai zo daidai da na asali ba, wasu kan cire makullin su ɗaure da ƙarfin noti kawai, su saita da kunne. Wuta ta yi gaba da yawa, inji ya yi zafi, kik ya riƙa dawowa yana dukan ƙafa. Ya fi muni a injin da ake gauraya wa mai da baƙin mai, irin DT da Suzuki: akwatin da aka yi don injin CG yana tura wuta gaba yayin da gudu ke ƙaruwa, su kuwa waɗannan ba sa son haka, sai a wayi gari fistin ya huje. Mai babur zai ce CDI ne ba shi da kyau, alhali an ɗaura wa jaki sirdin raƙumi ne.

Sai babbar hasarar, wadda ba ta bayyana a gareji, sai a daji. Filatin yana ciwo kafin ya mutu: ya yi tari, ya yi fashe-fashe, ya ba ka kwanaki. In ya tsaya maka tsakanin Tanut da Balbeji, da wuƙa da kwalin ashana za ka kankare bakinsa ka isa gida. CDI kuwa lafiya ƙalau yake har zuwa daƙiƙar da zai mutu, kuma a toshe yake da baƙin danƙo, babu abin buɗewa. Zafi na kashe shi, walda a jikin babur ba a zare shi ba na kashe shi, waya da ta goge ta taɓa ƙarfe na kashe shi. Na taɓa tura babur a rairayi da rana tsaka saboda akwatin da bai yi wata biyu ba, har mai amalanke ya tausaya mini. Tun ranar nake kallon arhar nan da ido ɗaya.

Sana'ar ma ta sauya kama. Da, makanike na gano ciwo da kunne da ido, ya gyara abin da ke nan, ladansa na hannu ne. Yanzu ganewa ta koma gwaji: a sa wani akwati, in bai tashi ba a sa wani bobin. Kuɗin da ke tsayawa a gareji ya koma shagon kayan gyara, daga can ya wuce ga masu shigo da kaya. Wannan dogaro ya nuna kansa sau biyu cikin ƴan shekaru, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka sake rufewa har Maris na 2024. Abin da ba a iya gyarawa sai dai a canza, farashinsa na bin halin iyaka.

Duk da haka ban ga laifin wanda babur ke ci da shi ba in ya juya, muddin makanike ya san bambancin injinan kuma ya duba alamar F kafin ya ɗaure noti. Masu doguwar tafiya sun riga sun samo tasu dabarar: akwati na biyu, wanda aka gwada aka ga yana tashi, a naɗe cikin leda a cusa ƙarƙashin kujera tare da buji da faci. Shi kuwa tsohon faifan filatin, ƙalilan ne ke cewa a ba su kayansu. Yawanci yana ƙarewa a buhun ƴan gwangwan, a auna shi a sikeli da sauran tarkacen ƙarfe.