Gargaɗi ga Mazauna Sabha: Kada Rairayi Ya Ruɗe Mu

Wannan kira ne na gaggawa ga Hausawa da duk mai jin Hausa a Sabha da sauran garuruwan yankin Fezzan na kudancin Libiya, magina da masu aikin gona, 'yan kasuwa da iyayenmu mata. Wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi.

Mun ɗauka cewa ambaliya maganar gida ce, mun baro ta a Maraɗi ko Haɗeja. Gaskiya ne, a nan sai shekara ta zagayo ba a yi ruwan da zai jiƙa riga ba. To wannan ne ya sa haɗarin ya fi girma. Ƙasar da ta ƙeƙashe ba ta shan ruwa da sauri, kuma garin da bai saba da damina ba ba ya yi mata tanadi. A watan Yuni na 2019 ruwa ya mamaye Ghat, dubban mutane suka bar gidajensu. A Agusta 2024 ya sake komawa Ghat da Tahala. Tsakiyar Satumba 2024 ya sauka a Sabha kanta, tituna suka zama kogi, gidaje suka zube, aka rasa rayuka.

Ku tuna Darna. Daren 10 ga Satumba 2023, guguwar Daniel ta zubar da ruwa a kan duwatsun gabashin Libiya, madatsun ruwa biyu da ke saman garin, Abu Mansur da Al-Bilad, suka fashe ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna barci ruwan ya kwashe unguwanni ya zuba a teku. Sama da mutum 4,000 aka tabbatar sun rasu, dubbai kuma ba a gan su ba, cikinsu har da baƙi 'yan ci-rani irinmu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne an sani. Wani kamfanin Yugoslabiya ne ya gina madatsun a shekarun 1970, kuma tun 1998 aka ga tsaga a jikinsu. A 2007 aka ba wani kamfanin Turkiyya kwangilar gyara, gyaran bai tabbata ba. A 2022 wani masanin ruwa na Jami'ar Umar Mukhtar, Abdulwanis Ashur, ya rubuta ƙarara cewa idan babban ruwa ya zo ba a gyara ba, garin zai shiga uku. Aka yi kunnen uwar shegu. Bayan an binne mutane, a Yuli 2024, kotu ta ɗaure jami'ai 12. Shekara guda cif da Darna, madatsar Alau ta ɓalle a kan Maiduguri, ita ma bayan an daɗe ana kukan ta lalace.

Wani zai ce ai Sabha ba ta da babbar madatsa a bisa kanta. Haka ne. Abin da ke tsare mu a kudu ƙananan abubuwa ne da ba mai kallonsu: jingar ƙasa a bakin kwari, kwalbatin ƙarƙashin titi, lambatu, injin zuƙe ruwa. 'Yan Agadas ba sa buƙatar bayani, sun ga abin da korin Telwa ya yi wa garinsu a Satumba 2009 da jinga ta karye. Jinga ba ta faɗuwa rana ɗaya. Tana farawa da tsaga, ko ramin ɓera, ko wurin da mai tifa ya ɗebi yashi. Idan ka ga ruwa yana tsatsowa ta bayanta kuma ruwan yana da laka, to cikinta yake ci, kada ka tsaya kallo, tashi mutane. Kwalbatin da yashi da leda suka toshe kuwa shi kansa ya zama madatsa, sai ya tara ruwa ya juya shi cikin gidaje.

Na shiga ɗakin wasu samarinmu leburori, su tara a ciki. Bulo ne aka jera da ɗan siminti, rufin kwano an danne da duwatsu da tsohuwar taya, ƙasan ɗakin ya fi titi zurfi da taki guda, wayar lantarki a kwance kusa da katifa. Na tambaye su ina za su bi idan ruwa ya shigo da dare, suka dubi juna. Irin wannan ɗaki ba ɗaya ba ne a unguwannin Tayuri da Gurda da bayan gari.

Don Allah, 'yan'uwa, tun sararin sama yana fari a tashi. A yashe lambatun ƙofar gida, a buɗe indararo, a ɗaga wayoyi daga ƙasa, a tanadi buhunan yashi. Fasfo da takardu da kuɗi a ƙulle su a leda, a sa a sama. Masu kwana a gonaki su bar shimfiɗa a cikin kwari ko da ba hadari a kansu, domin ruwan da ya sauka a tudu mai nisa yana iya iso ka cikin dare. Direba kada ya ce zai ratsa ruwa mai gudu. Idan ƙungiyar Hilal Ahmar ko jami'an agaji suka ce a fita, a fita. Tsoron rashin takarda kada ya riƙe kowa a ɗakin da zai rufta masa.

Ga baladiyyar Sabha, wato hukumar garin, da hukumomin albarkatun ruwa, muna roƙo da girmamawa: a zagaya a duba kowace jinga da kwalbati, a gyara wanda ya tsage yanzu, a yashe magudanai, a kuma isar da sanarwar yanayi da harsunan da baƙi ke ji. Sarakunan Hausawa da limamanmu, ku ne kuke da bakin magana. Ku kai wannan kuka gaban hukuma, ku kuma sanar da jama'a bayan sallar Juma'ar nan, kada a jira ta gaba.