BENDIGO: GARIN DA KE ZAUNE A KAN RAMUKAN ZINARIYA

Kun san farin dutsen nan mai ƙyalli da muke tsinta a bakin rafi, wanda ake kira ƙanƙara? A wasu wurare yakan miƙe a cikin ƙasa kamar jijiya, kuma zinariya takan ɓuya a cikinsa. Saboda wannan dutse aka fafake ƙarƙashin wani gari a ƙasar Ostireliya mai suna Bendigo.

A shekarar 1851 aka ga zinariya a rafin wurin. Mutane suka yi ta tururuwa, har daga Ingila da Sin, kowa da kwanon tace yashi. Ba a jima ba ta saman ta yi ƙaranci. Wadda ta rage tana maƙale a cikin dutse, kuma ita ba ta fitowa da kwano. Sai kamfanoni suka shiga haƙa ramuka suna bin jijiyar duk inda ta nufa. A 1910 ramin da ake kira Victoria Quartz ya kai zurfin kusan mita 1,400. Ni da ko leƙa rijiyar gidanmu tsoro nake ji!

Idan an fito da dutsen, sai a kai shi injin daka. Ku ɗauka turmi ne da taɓare, amma taɓaren na ƙarfe ne, a jere, suna sauka dare da rana. Garin dutsen sai a kora shi da ruwa a kan faranti mai zaiba, zaibar ta kama zinariya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙurar. Ƙurar wannan dutse tana lalata huhu, kuma ta kashe ma'aikata da yawa tun ba su tsufa ba. Mu ma a nan mun ga illar niƙa dutsen zinariya a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara.

To me ya rage a Bendigo yau? Akwai dogayen hasumiyoyin ƙarfe masu taya a sama, waɗanda da su ake saukar da mutane rami. An kai ɗaya cikin lambun shaƙatawa na garin, mutane na hawa su hango gari. Akwai tulin tsakuwa da harsashin tsofaffin injuna a tudun Victoria Hill. Mahaƙar Central Deborah kuwa ta yi aiki daga 1939 zuwa 1954, ta ba da zinariya fiye da kilo 900. Yanzu gidan tarihi ce. Baƙi kan sa hular kwano mai fitila a saukar da su mita 61.

Sauran ramukan dubbai ne, wasu ma an manta inda suke. Lokaci-lokaci ƙasa takan rufta a bayan gidan wani, sai a tarar ashe bakin tsohon rami ne.